Yadda Ake Tattara Buƙatun Manhaja da Labarin Mai Amfani, Mataki-Mataki

Tun ranar da na faɗa a wani zaman masu rubuta manhaja a nan Jos cewa tawagarmu ta daina rubuta doguwar takardar buƙatu mai shafi hamsin, matasa ke tare ni da tambaya iri ɗaya: to Malam, idan babu takarda, da me kuke sanin abin da za ku gina? Da labarin mai amfani muke sani. Ɗan kati ne da ake rubuta jimla guda a kai, wadda ke faɗin wanda yake son abu, abin da yake so, da dalilinsa. Rubuta jimlar ba wuya. Aikin yana wajen samo abin da za a rubuta, da abin da ake yi da katin bayan an rubuta.

Zan bi matakan ne da aikin da na fi sani, wata ƙaramar manhajar waya da muka yi wa wasu dillalan kayan gwari a kasuwar Farin Gada domin rubuta lodi da bashi. Kai kuma ka sauya kasuwar da asibiti ko makaranta ko ofis, hanyar ba ta canzawa.

Abin da za ka tanada

Kati ko takarda mai manne kamar guda 200, maka baƙa guda uku, littafin rubutu, waya mai caji da fawa bank, da bango ko allo mai faɗi. Idan 'yan tawaga ba wuri ɗaya suke zaune ba, manhajar jera katunan aiki a intanet irin Trello ta isa, takwararta Jira ma kyauta ce ga tawagar da ba ta wuce mutum 10 ba. Kada ka sayi komai mai tsada a wannan matakin. Inda kuɗi ke tafiya shi ne kuɗin keke zuwa wurin masu amfani, da data, da ɗan alherin da za ka yi wa wanda ka tsayar daga sana'arsa, sai kuma lokacin mutane, wanda shi ne mafi tsada. Ka ware mako biyu don zagaye na farko.

Mutanen da dole su kasance: mai ragamar aiki, wato wanda ke da ikon cewa a yi wannan a bar wancan, da masu rubuta manhaja aƙalla biyu, da mai gwaji. In akwai mai zanen fuskar manhaja, shi ma ya zo.

1. Ka san su wane ne masu amfani

Ku zauna awa ɗaya ku lissafa duk wanda hannunsa zai taɓa manhajar ko sakamakonta zai shafe shi. A namu aikin mun sami biyar: dillali, yaronsa mai riƙe littafi, manomin da ya kawo dankalin turawa daga Bokkos ko Mangu, direban da zai ɗauki lodi, da mai saye da ke Fatakwal ko Legas wanda ba ya zuwa sai dai waya. Kowa ka ba shi kati ɗaya, ka rubuta irin wayar da yake riƙewa, harshen da yake karantawa, da lokacin da aiki ke yi masa yawa.

Gargaɗi: wanda ya biya kuɗin aiki sau da yawa ba shi ke amfani da manhajar ba. Alhaji, ɗaya daga cikin dillalan, shi ne ya kira mu, shi ya ba da kafin alƙalami, amma ko sau ɗaya ba ya rubuta bashi da hannunsa. Yaron ne ke rubutawa. Da mun tsaya kan abin da Alhaji ya faɗa, da mun gina wa mutumin da ba zai taɓa buɗe manhajar ba. Haka kuma kada ka rubuta "mai amfani" kawai a kan kati. Kalmar ta yi faɗi, kowa zai cusa wanda yake so a ciki.

2. Je ka zauna inda ake aikin

Wannan matakin ne matasa suka fi son tsallakewa, su tura tambayoyi a WhatsApp su ce an gama. Ba a gama ba. Dole ka je da ƙafarka, kuma ka je da mai rubuta manhaja ɗaya, ya gani da idonsa.

Fara da shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwar. Ka yi sallama, ka faɗi wanda ya aiko ka da abin da ya kawo ka. Baƙon da ya shigo da littafi yana tambayar wa ake bi bashi, ba tare da an gabatar da shi ba, ɗan haraji za a ɗauke shi, kuma ba wanda zai gaya masa gaskiya. Sannan ka zaɓi lokaci. Da safe, cikin sanyin nan na Jos, motoci na sauke kaya, 'yan dako na ihu a ba su hanya, ba mai sauraronka. Wannan lokacin na kallo ne: ka tsaya gefe ka rubuta abin da ka gani. Hira kuwa sai bayan azahar, idan ƙura ta lafa.

Ka nemi mutum biyar zuwa takwas daga kowane rukuni mai muhimmanci, kowa minti 30 zuwa 45. Kada ka tambayi mutum me yake so manhaja ta yi masa. Zai faɗi abin da ya gani a wayar ɗansa, ko abin da yake zaton kana son ji. Tambaye shi abin da ya riga ya faru.

Na ce da Alhaji, "Ranka ya daɗe, ba ni labarin bashin ƙarshe da ya ba ka wahala."

Ya yi dariya, ya ce, "Wanne daga ciki? Akwai wani mutumin Fatakwal, kwando 40 na tumatir, ya biya rabi, ya ce sauran sai mota ta isa. Mota ta isa, ya ce biyar sun lalace a hanya. Ni kuwa na riga na sallami manomi."

"To a littafi yaya aka rubuta?"

Sai ya kira yaron, "Kai, kawo littafin nan."

A littafin ne na ga abin da babu hirar da za ta nuna mini. Sunan mai saye an rubuta shi da laƙabi, "Mai Jar Hula". Kusa da adadin kwanduna akwai ɗan da'ira, wanda yaron ya ce alamar an biya rabi ce. Layi biyu a ƙarƙashi na nufin an cire la'ada. Wasu shafukan da boko, wasu da ajami, domin wani lokaci ƙanin Alhaji ke rubutawa. Kowace alama a cikin littafin nan buƙata ce da ba wanda zai tuna ya faɗa maka, domin ta zama jiki.

Idan mutum ya ba da amsa, bi ta da "sai me ya faru?" ko "me ya sa ake yin haka?" har sau uku. Kuma ka koyi yin shiru. Mafi yawan abin da ya amfane mu ya fito ne bayan mun yi shiru mutum ya ɗauka bai gama ba.

Gargaɗi: nemi izini kafin ka naɗi murya ko ka ɗauki hoton littafi. Sunaye da lambobin waya da bashin mutane bayanan sirri ne, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafe ka ko da kamfaninka mutum uku ne. Idan za ka ɗauki hoton shafi, rufe sunayen da takarda.

3. Rubuta labarin

A ranar da kuka dawo za ku rubuta, kafin abin ya huce. Tsarin da aka fi bi ya fito ne daga wani kamfani a Landan mai suna Connextra a 2001, kuma gaɓoɓinsa uku ne:

A matsayina na wane, ina so in yi kaza, domin kaza.

Ga wanda wani matashinmu ya fara rubutawa: "A matsayina na mai amfani, ina so a sa maɓalli kore na bashi, domin in danna." Wannan umarni ne ga mai zane, an dai sa masa rigar labari. Ba mu san wane ne ba, ba mu san me yake nema ba, kuma an riga an yanke cewa maɓalli ne maganin.

Ga yadda muka mayar da shi: "A matsayina na yaron shago, ina so in rubuta biyan da bai cika ba, domin Alhaji ya san cikon da ya rage kafin ya sake ba mutumin kaya."

Gaɓar "domin" ita ce ran labarin. Idan kun kasa cika ta da abin da mai sana'a zai ji ya gyaɗa kai, ajiye katin gefe, wataƙila ba a buƙatarsa. Alhaji ya nemi "rahoton wata mai zane-zane". Da muka tambayi domin me, sai ya ce yana so ya san wanda ya fi daɗewa bai biya ba. Wannan jerin sunaye ne kawai daga mafi tsufan bashi, aikin kwana ɗaya, maimakon na mako uku.

Yi amfani da kalmomin wurin. Idan sun ce kwando, rubuta kwando. Idan sun ce la'ada, rubuta la'ada. A nan na taɓa ƙonewa: a zagayen farko mun sa kilo a matsayin ma'auni, domin haka muka saba gani a manhajojin shaguna. A Farin Gada kuwa tumatir da kwando ake cinikinsa, dankali da buhu. Yaron ya kalli wurin da aka ce ya sa kilo, ya kalle ni, ya mayar mini da waya ba tare da ya ce komai ba.

Gargaɗi: katin alkawarin magana ne, bai ƙunshi komai da komai ba. Ron Jeffries, ɗaya daga cikin mutum 17 da suka sa hannu a sanarwar tsarin ajayil a 2001, wato tsarin gina manhaja kaɗan-kaɗan ana gyarawa, ya kasa labari gida uku: kati, tattaunawa, tabbatarwa. Tawagar da ta rubuta kati 80 ta zuba a Jira kowa ya ɗauka ya tafi gida ya gina, ta koma tsohuwar doguwar takarda ce, an dai yayyaga ta ƙanana.

4. Jera su a bango

Kati 60 a tare a tebur ba sa nuna komai. Jera su yadda aikin ke gudana a zahiri, daga hagu zuwa dama. Jeff Patton ne ya yaɗa wannan dabarar ta taswirar labarai. Layinmu na sama ya kasance haka: kaya sun iso, an ƙirga, an yi ciniki, an yi lodi, an biya ko an ci bashi, an sallami manomi. Ƙarƙashin kowane mataki sai a sauko da katunan da suka shafe shi, mafi muhimmanci a sama.

Nan take gibi zai bayyana. Mu mun ga muna da kati 14 ƙarƙashin bashi, ko ɗaya babu ƙarƙashin sallamar manomi. Sai muka koma muka yi hira da manoma.

Daga nan ɗauki igiya ko tef ka ja layi a kwance. Abin da ke saman layi shi ne mafi ƙarancin abin da zai ba mutum damar bin aikin tun daga isowar kaya har sallama. Ɗauki hoton bangon kafin a tashi, domin takarda mai manne ba ta jure iskar hunturu.

5. Tsaga manyan labarai

"Ina so in kula da bashina" ba ya ginuwa a mako biyu. Dole a tsaga shi, kuma yadda ake tsagawa ne ke raba gwani da ɗan koyo.

Ɗan koyo yana tsagawa bisa sassan manhaja: wannan makon rumbun bayanai, mako mai zuwa sabar, wato kwamfutar nesa da waya ke aika wa bayanai, na gaba fuskar waya. Kamar a kawo maka tuwo yau, miya jibi. Har ƙarshen wata babu abin da za ka miƙa wa yaron shago ya gwada. Kowane labari ya zama loma guda da tuwonta da miyarta, ko da ƙarama ce. Ga yadda muka tsaga namu:

Rubuta sabon bashi da suna da adadi. Rubuta cikakken biya. Rubuta biyan rabi. Rage kuɗin kayan da suka lalace a hanya. Ganin jerin waɗanda ake bi. Tura wa mai saye tunatarwa ta saƙon tes.

Hanyoyin tsagawa da suka fi yi mana aiki uku ne: bisa matakan aiki, bisa irin yanayi, wato na yau da kullum tukuna sannan na ba-zata, da bisa irin bayani, wato tumatir kawai tukuna sannan sauran kaya. Bill Wake ya ba da ma'auni shida a 2003 da har yanzu ake gwada labari da su: ya tsaya da ƙafarsa, ya bar ƙofar sasantawa, ya amfani wani, a iya kimanta shi, ya zama ƙarami, a iya gwada shi. A ganina biyu na ƙarshe ne ke kama yawancin kurakurai. Idan labari zai ci fiye da rabin zango, wato wa'adin gini na mako biyu da muke yi, sake tsaga shi.

6. Rubuta sharuɗɗan karɓa

A bayan kowane kati ake rubuta yadda za a gane an gama. Mutum uku ne ke zama a kai, minti 15 zuwa 20 ga kowane labari: mai ragamar aiki, mai rubuta manhaja, da mai gwaji. Mai gwaji ne zai riƙa kawo "to idan kuma...", ku bar shi ya yi ta kawowa, aikinsa ke nan.

Tsarin da Dan North ya fito da shi yana da sauƙin bi: halin da ake ciki, abin da aka yi, abin da ya kamata ya biyo. Misali a kan biyan rabi:

Idan ana bin mai saye naira 400,000, sai yaro ya rubuta biyan 150,000, to cikon ya nuna 250,000 tare da ranar biya.

Idan babu sabis, sai yaro ya rubuta biya, to a ajiye shi a wayar, a tura idan sabis ya dawo, kuma kada ya shiga sau biyu.

Idan kuɗin da aka rubuta ya fi bashin, to manhaja ta tambaya ko ragowar ajiya ce ta lodi mai zuwa.

Idan akwai masu suna ɗaya fiye da guda, to a nuna laƙabi da garin kowa.

Wannan na uku ba mu muka tuno shi ba, yaron ne, domin masu saye na yawan tura ƙari a riƙe musu. Na huɗu kuwa littafin ne ya koya mana, tun ranar da muka ga "Mai Jar Hula".

Akwai kuma abubuwan da ba su shiga tsarin "ina so" amma suna iya kashe manhaja: ta yi aiki a ƙaramar Android mai ƙarancin ma'aji, kada ta cinye data, rubutu ya fito a rana tsaka, lambar waya ta karɓi lamba 11, lambar asusun banki 10. Manomi da yawa ƙaramar waya mai tocila ce a hannunsu, don haka duk abin da zai je musu ya zama tes. Rubuta waɗannan a takarda ɗaya ka manna a bango, su hau kan kowane labari.

Gargaɗi: kada ka yarda da sharaɗi irin "ya zama da sauƙi" ko "ya yi sauri". Ba a gwada su. Rubuta "yaro ya rubuta bashi cikin dannawa huɗu ko ƙasa da haka". Kuma a duk abin da ya shafi kuɗi, ka raba "an ce an tura" da "an ga shigarsa". Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ciniki ya koma tiransifa sosai, alat na bogi kuma ya ƙaru tare da shi. Da mun haɗe biyun wuri ɗaya, da manhajarmu ta riƙa share bashin da ba a biya ba.

7. Kimanta nauyi, sannan ka tsara fifiko

Masu ginawa ne ke kimantawa, ban da mai ragamar aiki. Kowa ya riƙe katunan lamba 1, 2, 3, 5, 8, 13, babbar lamba na nufin aiki mai nauyi. A karanta labari, kowa ya zaɓi lamba a ɓoye, a buɗe lokaci guda. Idan ɗaya ya ce 2 wani ya ce 13, kada a raba tsakiya a wuce. Su biyun su faɗi dalili, domin ɗayansu ya san abin da ɗayan bai sani ba. Amfanin buɗewa tare a wurinmu babba ne: ƙaramin ma'aikaci ba zai iya musa wa babba a fili ba, amma zai iya ɗaga katinsa. Abin da ya kai 13 ya koma mataki na biyar.

Makin nan ba awanni ba ne, kuma kada Oga ya mayar da shi ma'aunin ƙwazo. Ranar da aka fara tambayar me ya sa wannan tawagar ta yi 30 waccan ta yi 45, daga ranar kowane kati zai fara kumbura.

Fifiko kuwa na mai ragamar aiki ne shi kaɗai, bayan ya saurari kowa. Ya kasa katunan gida huɗu: dole, ya kamata, in da hali, ba yanzu ba. Idan fiye da rabi sun faɗa gidan dole, bai yi aikinsa ba tukuna. Tambayar da ke warware gardama ita ce: idan babu wannan, yaron zai koma littafi? In zai koma, dole ne.

8. Gina na mako biyu, ka koma kasuwa

Ɗauki katunan sama gwargwadon abin da tawaga za ta iya a zango ɗaya. Tsarin Scrum, ɗaya daga cikin hanyoyin ajayil, bai yarda zango ya wuce wata ɗaya ba, mu mako biyu muke yi. A tsakiyar kowane zango ku ware awa ɗaya ku gyara katunan zango mai zuwa, ku yar da waɗanda suka tsufa. Kada ku wahalar da kanku da sharuɗɗan labarin da ba za a taɓa ba sai bayan wata uku, kafin lokacin ya canza.

Ƙarshen zango a nuna aiki, kuma a nuna shi a inda za a yi amfani da shi. Ba kai za ka riƙe wayar ba. Miƙa wa mai amfani, ba shi aiki na gaske daga littafin jiya, ka rufe bakinka ka kalli yatsunsa. Inda ya tsaya yana neman abu, rubuta. Inda ya juyo ya tambaye ka, rubuta.

A nuninmu na uku yaron ya shigar da lodin kwando 25 ba tare da ya tambaye ni komai ba. Alhaji na zaune kan benci yana kallo, sai ya ce, "Malam, to idan yaron nan ya yi kuskure ya goge, wa zai gaya mini an goge?" Babu kati ko ɗaya a bangonmu da ya taɓo wannan. Na zaro sabo daga aljihu, na ɗora kan gwiwa na rubuta: a matsayina na dillali, ina so in ga duk abin da aka gyara ko aka goge da wanda ya yi, domin in amince da lissafin da ban rubuta da hannuna ba. Na karanta masa, ya ce a ƙara da lokacin da aka yi. Na ƙara, kuma shi ne katin farko da muka ɗauka ranar Litinin.